HANTAR AUTA

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa in ji tsoron Allah, na ji. Masu cewa da su ne da tuni sun watsa wa Izzati kayanta waje, ku bi a hankali, ƙanwata ce fa, ni kaɗai ke da ikon jin haushinta. Wata kuma ta rubuto wai da gangan nake jan labari. Baiwar Allah, ba ja nake ba. Wannan shafin ne na yi kwana huɗu ina rubutawa ina gogewa. Ku karanta, in ya so ku zage ni da hujja.

*

Da hantsin Lahadi muka shiga da Mak, mahaifiyarmu, ɗakin gaggawa, saura kwana uku cif a yi mata dashen hanta. Jikinta zafi rau, haƙoranta na haɗuwa, tana ta cewa ƙafarta ta hagu kamar an zuba mata garwashi. Ni na tuƙo motar tun daga ƙauyenmu na bakin teku, ni na rungumo jakar magunguna da fayil ɗin da ya kai kaurin bulo. Amma da nas ta tambayi wace ce 'yar mara lafiyar, kafin in buɗe baki ƙanwar Mak, Mak Ngah Rokiah, ta turo Izzati gaba.

"Ga ta nan. Ita ce ma za ta ba ta hantar."

Nas ta dafa kafaɗar Izzati tana sa mata albarka. Ni kuma ta nuna mini benci, ta ce mutum biyu kawai ake bari a ciki.

Na zauna. Ban yi minti goma ba suka leƙo suna nemana, don an tambayi magungunan da Mak take sha da lokutansu, 'yar albarka ta tsaya tana kallon silin. Na shiga na jero su guda tara ban duba takarda ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka zamana da Izzati yake tun da ta dawo daga Singapore.

Shekara shida ke nan da hantar mahaifiyarmu ta ƙeƙashe, kuma shekara shida ke nan ina gidan. Ni nake auna mata gishiri, ni nake kai ta a zuƙe ruwan da ke taruwa a cikinta. Cutar da ta cinye mata hanta kuwa, a cikinta na sha ta. An haife ni kafin a fara yi wa jarirai rigakafi, Izzati ta zo bayan an fara. Allura uku kacal suka raba mu. Da aka gwada mu, aka ce tawa hantar ba ta bayuwa, tata kuwa tas take, a yanki rabi a ba Mak. Daga ranar na zama mai wanke kwanuka a gidan da na riƙe.

Dakta Kalaivani ce a kan Mak, 'yar siririyar mace wadda ba ta ɓarnar magana. Ta tara mu a bayan labule ta ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Hanta mai lafiya tana tace irin waɗannan, ta Mak ta daina, don haka abin da zai sa lafiyayye gudawar yini ɗaya yana iya kai ta kabari. Sun ɗebi jini, sun zuƙi ruwan ciki da sirinji, sun sa mata maganin da aka saba farawa da shi. Sai dai kafin gwaji ya faɗi ainihin ƙwayar sai an kwana ɗaya ko biyu. Maganar tiyatar Laraba kuma babu ita. Ba a sa sabuwar hanta a jikin da cuta ke yawo, don magungunan bayan dashe kwantar da garkuwar jiki suke yi.

Izzati ta fashe da kuka. Mak Ngah ta rungume ta tana cewa ladanta na nan ko an yanka ko ba a yanka ba.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, wani sanyi ne ya ratsa ƙirjina na ɗan lokaci. Ba za a yanka ta Laraba ba, ba za ta fito daga ɗakin tiyata ana yi mata kirari ba. Na ji shi, na kuma ji kunyar jin sa, amma na ji.

Sai Dakta ta ɗaga zanen da ke kan ƙafar Mak. Ƙaurin ya kumbura ya yi ja. Ta daɗe tana kallo.

"Ta shiga ruwan teku da rauni a ƙafa?"

Muka ce a'a.

"A kwana biyun nan ta ci wani abu na teku ɗanye, ko wanda bai gama dahuwa ba? Ku yi tunani. Amsar tana canza maganin."

Mak Ngah har da 'yar dariyarta. Ta nuna ni ta ce likita ba ta san Zuraini ba ne, yarinyar da ke ƙirga ƙwayar gishiri, ko ƙuda ba ya sauka a kwanon uwarta sai da izininta. Izzati ta share hawaye ta kalle ni.

"Along ba za ta taɓa bari ba, Dakta. Ta fi mu duka kula."

Along, 'yar fari, haka suke kirana. Yabon farko ke nan da na samu a wata uku, a gaban likita, daga bakin Izzati. Ya yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Dakta ta juyo gare ni.

Na ce, "A'a. Ba ta ci ba."

*

Ga abin da ban faɗa muku ba a shafukan baya.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi wa Izzati walimar addu'a a gidanmu. Ba Mak aka yi wa ba, Izzati. Matan unguwa suka cika tsakar gida, liman ya ambaci sunanta sau huɗu, na ƙirga daga kicin. Mak da ko cokali ba ta iya ɗagawa sosai, ta sa hannu a shinkafar kurkum ta riƙa ba autarta a baki kamar 'yar yaye. Wata tsohuwa ta shigo neman ruwa ta tambaye ni ko ni ce mai aikin da suka ɗauka.

Washegari Juma'a, Izzati ta tafi asibiti gwajinta na ƙarshe. Mak ta kira ni ɗaki ta ce in rufe ƙofa. Ta kama hannuna, abin da na manta rabon da ta yi. Ta ce ta ji likita na cewa jininta ya yi ƙasa, kuma ita ba ta san abin da ke ƙara jini kamar kerang ba.

Duk wanda ya tashi a bakin tekunmu ya san wannan. 'Yan halittun nan masu ɓawo biyu da ake tonowa a taɓo, in ka ɓare su ruwansu ja wur kamar jini. Mai jego ana ba ta, mai jiri ana ba shi. Da su marigayi mahaifinmu, Abah, ya ciyar da mu, kuma yana da dokarsa: a zuba su a tafasasshen ruwa, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, a tsame. In aka wuce haka jinin ya daskare, amfanin ya tafi.

Na ce mata takardar asibiti ta abincin da aka hana na manne a jikin firij, kuma layi na biyu shi ne wannan.

"Likitoci ba a bakin teku suka girma ba," in ji ta. "Guda goma kawai. Usu ba ta iya ba, hannun ubanku ke kika gada. Kar ki gaya wa kowa, tsakanina da ke ne."

Tsakanina da ke. Usu, wato autarta, ba ta iya ba. Da waɗannan kalmomi aka saye ni, kuma da araha. Na ce a raina, Izzati za ta ba ta hanta, to ni bari in ba ta jini. Na je bakin jirage na zaɓo manya, na karanta Ƙulhuwallahu uku, na haɗa yaji da lemun tsami. Ta ci goma sha biyu ina ɓare mata, muna hirar Abah. Rabon da in yi farin ciki irin na ranar har na manta. Ɓawon na ƙulle a leda na jefa bayan mota, da niyyar in zubar a hanya.

*

Har azahar zazzaɓin bai sauka ba. Ƙarfin bugun jininta ya fara yin ƙasa, suka ƙara mata ruwa. Ina zaune a benci ina gaya wa kaina cewa maganin da suka sa mai ƙarfi ne, zai kashe ko mene ne. Kowa a ƙauyenmu yana cin kerang. Watakila ma ruwan cikin ne ya ruɓe kamar bara.

Na leƙa ta labule. Jan ya wuce gwiwa, kuma wasu bororo sun taso a ƙaurin, baƙi-baƙi kamar cikakken inabi. Na saki labulen na koma na zauna. Ban je wurin likita ba.

Izzati ta karɓi makullin mota za ta ɗauko wa Mak safa. Ta daɗe. Da ta dawo ba safa a hannunta, sai wata jar leda da ta riƙe da yatsu biyu. Tun kafin ta iso warin ya riga ta, ɓawon da ya kwana biyu a zafin mota. Ta ja ni zuwa lungun matakala.

"Along, mene ne wannan?"

"Shara."

"Wa ya ci?"

"Ni."

"Ke da ko warinsa ba kya so tun rasuwar Abah?"

Na miƙa hannu zan karɓi ledar, ta janye.

"Likita ta tambaye ki. A gabana ta tambaye ki."

"Ki rage murya."

"Ƙafar Mak tana ruɓewa, ke kuma muryata ce ta dame ki?"

Nan na fashe. Na ce mata ta yi mini shiru, baƙuwar wata uku. Ina take ranar da Mak ta yi aman jini a kan cinyata? Ina take shekarar da na fasa aure don ba mai kwana da ita? Tana can tana turo hotuna da man shafawa. Yanzu ta zo da hantarta mai tsabta, za ta kwanta awa takwas a sa ta barci, ta tashi da aljanna a hannu.

"Kina tsammani ni na zaɓa?" in ji ta. "Tsoro nake ji, Along. Tun da aka sa rana ba na iya cin abinci. Ba wanda ya tambaye ni."

"Ai ana ba ki a baki."

Ta kalle ni kamar na mare ta. Na so ta rama, da ta rama da na ji sauƙi. Amma Izzati ba ta taɓa yi mini wannan alfarmar ba. Ta goge fuska da gefen gyalenta, ta gyara riƙon ledar.

"Shi ke nan. Zan ce ni na sayo."

"Me?"

"Zan ce na dawo daga gwaji na biya na sayo mata, ban san an hana ba. Ni ba wanda zai yi wa faɗa. Ke kuwa Mak Ngah ba za ta bar ki ki sha ruwa a garin nan ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma don Allah ta faɗa. Shi ya sa ya fi komai ciwo. Ta karɓi addu'a, ta karɓi shinkafar kurkum, ta karɓi sunan 'yar kirki. Yini ɗaya tak da na samu ni da uwata, da ƙofa a rufe, shi ma za ta ce nata ne, a kuma yafe mata a ƙara mata lada.

"Har laifina ma sai kin ƙwace?"

Na fizge ledar. Ina so in ce muku tausayin Mak ne ya tashe ni, amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da tsoron Allah ya kasa sa ni yi tun hantsi, kishi ya sa ni yi a minti ɗaya.

*

Na samu Dakta Kalaivani tana rubutu a teburin nas-nas. Na ajiye mata ledar a gabanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ni na sayo, ni na dafa, ni na ɓare mata, ranar Juma'a da rana.

Ba ta zage ni ba. Ta tambayi guda nawa, na faɗa. Ta tambayi minti nawa suka yi a wuta.

Na ce, "Ƙulhuwallahu uku."

Ta dubi nas ɗin da ke gefenta. Nas ta sunkuyar da kai ta ce bai kai rabin minti ba, su ma haka ake yi a gidansu.

Dakta ta kalli agogo.

"Awa biyar. Wannan ƙwayar da awa take ƙirga, ba da kwana ba."

Iyakar abin da ta ce mini ke nan, kuma har yau da shi nake kwana. Nan da nan wuri ya hargitse. Ta sa a haɗa wani magani na biyu a kan na farko, wanda ta ce shi ne ke kama ƙwayar ruwan teku. Ta kira likitocin tiyata su zo su buɗe ƙafar su cire naman da ya mutu kafin ya haura. Izzati ta tambaye ta maganar dashe. Ta ce a fara ceto mai karɓar hantar tukuna. In Mak ta tsallake kwana biyun nan, jininta ya fito fes, za a sake sa rana.

Mak Ngah ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai matso kusa da kunnena.

"An ce taki ba ta bayuwa, shi ne kika ce kowa ma ya rasa?"

Ni kaina ban san ko gaskiya ta faɗa ba.

Aka kira Izzati ofis ta sa hannu a takardar aikin ƙafa, Mak Ngah ta bi ta. Wata nas ta fito ta ce mara lafiya na kiran 'yarta, a shiga da sauri kafin a tura ta. Ba kowa a bencin sai ni. Ta ɗaura mini riga da takunkumi da hula, idanuna kawai suka rage a waje.

Mak ta ƙanƙance a gadon, cikin ne kawai ya yi tudu. Idanunta rawaya, rabi a rufe. An riga an gaya mana cewa in cuta ta taso, dattin da hanta ta kasa tacewa yana hawa kai, ta riƙa rikita mutane. Na kama hannunta. Ta matse nawa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Usu."

Na buɗe baki in ce ni ce. Sai ta ɗora hannuna a kumatunta, irin yadda ba ta taɓa yi mini ba, na kasa.

"Sun fasa?"

"Sun fasa," na ce a hankali.

Ta sauke ajiyar zuciya. Wallahi murmushi ta yi.

"Alhamdulillahi. Ba mai yanka min ke. Ba ki yi aure ba, ba ki haihu ba, a tsaga ki saboda tsohuwa?"

Na sunkuya kusa da ita.

"Mak, me kike cewa?"

"Na ji likita na faɗa tun bara. In da zazzaɓi ba sa yi. Na iya karatu ai, kullum ina ganin takardar firij."

"Da gangan kika ci?"

"Na ce miki a fasa kin ƙi. Na ce wa likita, ta ce tsoro ne. To na nemi hanya."

Injin da ke gefenta yana ta ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna ƙofar da ta ce in rufe, da hannuna da ta kama, da hirar Abah. Na tuna yadda na tsaya a bakin jirage ina zaɓen manya.

"Don me kika sa Along?"

"Wa zan sa? Ke ba za ki yarda ba. Ita kuwa in na ɗan yabe ta, ko wuta na ce ta ɗauko za ta ɗauko." Ta yi tari. "Kar ki damu da ita. Za su yi mata surutu kwana biyu ya wuce. Yayarki ta saba ɗauka."

Na ji masu turo gado sun iso bayan labule, ana kiran lambar gadonta. Hawayena sun jiƙa takunkumin har ina jin gishirinsu. Ya kamata in yi shiru, mace ce tsakanin rai da mutuwa. Amma tambayar ta shekara talatin da wani abu tana zaune a bakina.

"Mak, da hantar Along ce ta dace fa? Da ita za a yanka ranar Laraba, da kin ci?"

Hannunta ya tsaya cak a kan nawa. Babban yatsanta ya shafa tsohon tabon ƙunar da na samu a kicin ɗinta, ya koma ya sake shafawa.

Ta buɗe idanunta duka biyu.

"Along? Ke ce?"